Sauyayyen Wake a Kasuwannin Kebbi: Yadda Masu Saye da Masu Sayarwa Suka Shiga Hukuncin Abuja

A watan Janairun 2019, hukumar NBMA mai sa ido kan fasahar sauya halittu a Najeriya ta ba da izinin fitar da wani wake daga gonar gwaji zuwa gonakin jama'a. Wake ne da aka sauya wa ƙwayar halitta, irin abin da mutane suka fi sani da GMO. A Disambar wannan shekara kwamitin rajistar iri na ƙasa ya yi masa rajista da sunan SAMPEA 20-T, sannan a Yunin 2021 aka ƙaddamar da shi a Kano. Najeriya ce ƙasa ta farko a duniya da ta saki sauyayyen wake domin noma.

Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, da ke ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ita ta yi aikin a gida, kuma Farfesa Mohammad Ishiyaku ne ya jagorance shi. Tun 2009 ake gwaji a killatacciyar gona. Ƙwayar halittar da aka dasa wa waken daga wata bakteriya ta cikin ƙasa aka ciro ta, wadda ake kira Bt, aikinta kuwa shi ne ta sa shukar ta samar da sinadarin da ke kashe tsutsa idan ta ci. Kamfanin Monsanto, wanda Bayer ya saye a 2018, shi ya ba da ƙwayar ba tare da neman kuɗin mallaka ba. Masanan cibiyar CSIRO ta Ostireliya suka yi dashen, gidauniyar AATF da ke Nairobi ta haɗa kan aikin, hukumar USAID ta Amurka ta zuba kuɗi.

Tun daga lokacin, duk inda aka tayar da zancen, gardama a wuri ɗaya take tsayawa: yana cutar da lafiya ko ba ya cutarwa? Tambaya ce mai nauyi, ba na raina mai yin ta. Amma gwamnatoci ba a kanta kaɗai suke yanke hukunci ba. Ƙasar da ta karɓi sauyayyen iri da wadda ta ƙi shi, idan ka bi sawun hukuncin kowace, za ka tarar da mai saye ko mai sayarwa tsaye a bayansa. Jihar Kebbi kuwa wuri ne da ya dace a auna wannan magana, domin tana da iyaka da ƙasashe biyu, Nijar da Binin, kuma hatsi na ƙetare iyakokin nan dare da rana, ko an rufe su ko an buɗe.

Abin da ke faruwa a gona

Wanda bai taɓa noman wake ba zai yi wuya ya gane abin da ya sa manomi ke maraba da wannan iri. Wake zai yi ganye shar, ya yaɗu ya rufe kunya, ya fara fure, mai gona ya soma lissafin buhuna. A daidai nan wani ɗan malam-buɗe-littafi mai yawon dare ke zuwa ya saka ƙwai. Tsutsar da ke fitowa, mai ɗige-ɗigen baƙi a baya, cikin furen take shigewa. Da safe ka zo ka tarar da fure ya zube a gindin shuka. Ka tsinki ɗaya daga cikin waɗanda suka rage ka buɗe, ga ta nan kwance da kashinta. Wanda ya tsira ya yi kwanso, sai ta haɗe kwanso biyu da wata saƙa, ta huda ta shiga ta cinye 'ya'yan. Da yake a ɓoye take, magani ba ya samun ta yadda ya kamata, shi ya sa manomi ke ta maimaita feshi. Masana sun ce a shekarar da ta yi ƙamari tana iya cinye kashi 80 cikin 100 na amfanin.

Lissafin da Samaru ta bayar shi ne, mai noman wake na gargajiya yakan yi feshi sau shida zuwa takwas a damina, mai SAMPEA 20-T kuwa sau biyu ya ishe shi. Biyun nan dole ne, saboda sinadarin Bt ba ya taɓa darɓa, ba ya taɓa ƙananan ƙwarin fure, ba ya taɓa masu tsotse kwanso. Duk da haka ragin ba kaɗan ba ne. Kusan duk maganin feshin da ke shagunan Jega da Zuru da Yauri daga waje yake zuwa, da dala ake sayo shi, kuma tun da aka saki naira a Yunin 2023 farashinsa ya yi tashin gwauron zabi. Ga kuma abin da ba ya shiga lissafin kuɗi: yaron da ke goye da famfon feshi, ba takunkumi ba takalmi, maganin na ɗiga a gadon bayansa, in ya gama ya wanke hannu a kududdufi ya zauna cin fura. Harawar da aka yi wa feshi takwas ita za a ba tumaki da rani. Duk mai tausayin mutanen karkara ba zai yi wasa da abin da zai rage wannan ba.

To ashe dalilin noma na nan, kuma na gaske ne. Sai dai tsutsar nan tana Nijar, tana Binin, tana Mali, kuma babu ɗaya daga cikinsu da ta saki wannan wake. Gana ce ta biyo baya, ta amince a 2022, ta saki nata a 2024. Bambancin ba daga tsutsa yake ba.

Hannu biyu da suka daɗe suna jan Afirka

A 2002 yunwa ta afka wa kudancin Afirka. Amurka ta aiko da agajin masara, mafi yawanta sauyayya. Zimbabuwe da Malawi da Mozambik suka ce a kawo amma a niƙa, don kada wani ya shuka. Shugaban Zambiya, Levy Mwanawasa, ya ƙi ta gaba ɗaya, har ya kira ta guba. Bayan maganar lafiya da aka fi yayatawa, akwai tsoron da ya fi damun masu fitar da kaya: idan masarar ta shiga gonaki, Turai za ta iya juya wa amfanin gonar ƙasar baya. A lokacin Tarayyar Turai ta yi shekaru ba ta amince da sabon sauyayyen iri ko ɗaya ba.

A Mayun 2003 Amurka, tare da Kanada da Ajantina, ta kai ƙarar Tarayyar Turai gaban Ƙungiyar Ciniki ta Duniya. A cikin watan ne Shugaba George Bush ya zargi Turai da cewa matsayinta na hana Afirka maganin yunwa. A 2006 alƙalan ƙungiyar suka yanke cewa Turai ta yi jinkirin da ya wuce ƙa'ida. Har yau dai dokar Turai ta ce duk abincin da sauyayyen abu ya wuce kashi 0.9 cikin 100 a cikinsa sai an rubuta a jikinsa, kuma sauyayyen amfani ɗaya ne tak ake nomawa a can, wata masara a Sifen da Fotugal. Amma Turan nan ita ce ke shigo da miliyoyin tan na sauyayyen waken suya daga Birazil da Amurka da Ajantina tana ciyar da dabbobinta. Ta hana a gonarta, ta halatta a tashar jirgin ruwanta, domin masu kiwonta ba su da wata mafita.

A tsakanin waɗannan hannaye biyu ƙasashenmu suka rubuta dokokinsu. Maƙwabciyarmu Binin ta dakatar da sauyayyen iri a 2002, ta sabunta dakatarwar a 2008. Najeriya ta tabbatar da shigarta Yarjejeniyar Katajina, wadda ta tsara yadda sauyayyun halittu za su ƙetara iyakokin ƙasashe, a 2003, amma dokar gida ta kwanta shekara goma sha biyu, sai a Afrilun 2015 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa mata hannu, makonni kaɗan kafin ya bar mulki. A duk tsawon wannan lokaci ma'aikatar noma ta Amurka na fitar da rahoto kowace shekara kan inda Najeriya ta kwana a wannan fanni. Ba wani abin ɓoye ba ne. Ƙasar da sama da kashi 90 cikin 100 na masararta da waken suyarta sauyayyu ne, dole ta damu da dokar ƙasa mai baki sama da miliyan 200. Mai shakkar ƙarfin wannan damuwa ya dubi Meksiko: ta hana amfani da sauyayyar masara a abincin mutane a 2023, Amurka ta kai ƙara ƙarƙashin yarjejeniyar cinikinsu, a Disambar 2024 Meksiko ta sha kaye, ta janye hanin shigowar, sai hanin shukawa a gida ta riƙe.

Najeriya mai saye ce

Abin da ya bambanta mu da Zambiyar 2002 shi ne, a kayan da aka yanke hukunci a kansu, mu masu saye ne. Ba mu da wata kasuwar waje da za mu ji tsoron rasawa. Abin da ke ci wa gwamnati tuwo a ƙwarya shi ne dalar da ke fita.

A duba jerin. Sauyayyar auduga aka fara saki, a 2018, a lokacin da masaƙun Kaduna da Kano da Gusau suka daɗe da mutuwa, atamfa daga Sin ta cika kasuwa, gwamnati na neman hanyar farfaɗo da noman. A Maris na 2019 Babban Banki ya hana masu shigo da yadi samun dala daga hannunsa. Sai wake a 2019. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa noman wake a duniya, amma ba ya isar ta, kuma adadin da masu goyon bayan irin suka riƙa ambata shi ne giɓin tan 500,000 a shekara, wanda akasari Nijar ke cikewa. Sai masara. Tsutsar nan mai cin zuciyar masara ta ɓulla a Najeriya a farkon 2016. A Yulin 2020 Babban Banki ya hana dala ga masu shigo da masara, masu kiwon kaji suka yi kuka, ba a rufa wata biyu ba aka ba kamfanoni huɗu izinin shigo da tan 262,000. A Janairun 2024 aka saki sauyayyar masarar da ake kira TELA, iri huɗu, SAMMAZ 72T zuwa 75T. Alkama kuwa ko noma ta ba a yi zance ba. Yaƙin Rasha da Yukren ya ɓarke a Fabrairun 2022, farashin fulawa ya haura, a Yulin shekarar NBMA ta amince a shigo da sauyayyar alkamar HB4 ta Ajantina domin sarrafawa.

Kowanne hukunci ya zo ne a bayan ƙarancin kaya, ko ƙarancin dala, ko duka biyun. Ban ce an yi watsi da binciken lafiya ba, an yi shi bisa ƙa'idar da doka ta shimfiɗa. Abin da nake cewa shi ne, abin da ya zaɓi wane amfani za a sa a gaba, da lokacin da za a yi, kasuwa ce.

Shekarar 2024 ta nuna hakan ƙarara. A Mayu Majalisar Wakilai ta amince da ƙudurin a binciki shigowar sauyayyen iri, ta nemi a dakata har a gama. Ƙungiyoyin kare muhalli irin su HOMEF ta Nnimmo Bassey sun daɗe suna wannan kira. A Yuni hauhawar farashin abinci tana sama da kashi 40 cikin 100. A Yuli gwamnatin tarayya ta sanar da buɗe ƙofa na kwana 150 a shigo da masara da alkama da shinkafa da wake ba haraji. Manyan masu sayar da masara a duniya kuwa, Amurka da Birazil da Ajantina, kusan duk abin da suke nomawa sauyayye ne. Majalisa na cewa a tsaya, tsadar abinci na cewa a buɗe, kuma kowa ya ga wanda aka saurara. Manoman Kebbi sun ji wannan hukunci a jikinsu ta wata fuskar. Jihar da Shugaba Buhari ya zo har Birnin Kebbi a Nuwambar 2015 ya ƙaddamar da shirin bashin noman shinkafa, jihar da aka rufe iyakoki daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020 da sunan kare shinkafarta, ita ce ta wayi gari farashin shanshera na faɗuwa, taki da fetur na nan inda suke.

Turai da fiya-fiya

Akwai hujjar da aka riƙa kawowa wajen tallata SAMPEA 20-T wadda ya kamata a tsaya a kanta. A Yunin 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar busasshen wake daga Najeriya, aka yi ta tsawaita dakatarwar. Dalilin shi ne sinadarin DDVP, wanda ke cikin fiya-fiya. Iyakar da Turai ta yarda da ita miligiram 0.01 ce a kowane kilo, an kuwa samu waken da ya kai 4.6. Sai aka ce tunda sabon iri na rage feshi, zai taimaka a sake buɗe mana kasuwar Turai.

Wannan magana ba ta zauna ba, ta fuska biyu. DDVP ɗin da ake samu a wake ba na feshin gona ba ne, akasarinsa na ajiya ne. Ƙwaron da ke huda wake a buhu daban yake da tsutsar fure, kuma ƙwayar Bt da ke cikin SAMPEA 20-T ba ta yi masa komai. Wanda ya noma sabon iri, ya casa, ya ɗura a buhu, bayan wata biyu zai tarar da ƙwaro kamar kowa, kuma ɗan kasuwar da ya saba yayyafa fiya-fiya a sito zai yayyafa. Na biyu, sauyayyen abinci ba ya shiga Turai sai an nemi izini na musamman a kansa, hanya mai tsawo da tsada. Ko da mun gyara matsalar maganin ajiya gobe, mai fitar da wake zai fuskanci sabuwar tambaya: ka tabbata babu sauyayye a ciki?

Maganin ƙwaron ajiya kuwa an daɗe da samun sa. Buhun PICS mai ciki uku, leda biyu masu kauri a cikin buhun saƙa, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta fito da shi, tun 2007 ake yaɗa shi a Afirka ta Yamma. Ka cika, ka matse iska, ka ɗaure kowace leda daban, ƙwaro ya mutu don rashin iska, ba ɗigon magani. Da an ba buhun nan rabin ƙarfin da aka ba tallar sabon iri, da an rage waken da ke kwantar da iyali guda a asibiti, da kuma an taɓa ainihin abin da Turai ta yi ƙorafi a kai.

Inda doka ke ƙarewa

Dokar 2015 ta ce a sa wa sauyayyen abu alama domin mai saye ya san abin da yake saye. A buhun iri da kamfani ya ɗinke, wannan mai yiwuwa ne. Daga ranar girbi kuwa, zancen ya ƙare.

Je ka rumfar masu hatsi a Bena ko Jega ko Kamba ranar kasuwa. Tsohuwa ta kawo tiya uku a ƙullin zane, saurayi ya kawo rabin buhu a bayan babur, wani ya kawo buhu biyar a amalanke. Mai saye ya damƙo waken ya baza a tafin hannu, ya dubi girman ƙwaya, fari ne ko ja, ya ciza ɗaya ya ji ko ya bushe, ya shinshina ko akwai warin magani. "Inna, na bana ne ko na bara?" Ita ce tambayar, sai kuma ciniki. Daga nan a juye duka a tsibi ɗaya bisa tamfol, a auna, a ɗura, a ɗinke, a loda wa tirela ta nufi Bodija a Ibadan ko Legas. SAMPEA 20-T farin wake ne, ido ba ya raba shi da sauran fararen. Mai ƙosai ba ta sani ba, mai alala ba ta sani ba, mai sayen garau-garau bai sani ba. Shi kansa manomin da ya karɓi iri a hannun maƙwabcinsa don ya ga gonarsa ta yi kyau bara, sau da yawa abin da ya sani kawai shi ne wake ne da tsutsa ba ta ci.

Wake kuwa shuka ce da ke barbarar kanta, don haka wanda aka ajiye daga girbi yana fitowa da halin uwarsa. Wannan alheri ne ga talaka, ba sai ya koma shago kowace shekara ba. Amma yana nufin irin zai yi tafiya yadda kowane iri mai kyau ke tafiya a ƙasar Hausa, daga hannun suruki zuwa na aboki. Mutanen Kamba da na Gaya ta Nijar dangin juna ne, haka na Lolo da na ƙetaren Binin. Auren da ke haɗa su shi ke ɗaukar iri. Nijar ba ta saki wannan wake ba, Binin ba ta saki ba, amma babu jami'in kwastan da zai gane shi a ƙullin leda. Yarjejeniyar Katajina ta tanadi yadda ƙasa za ta sanar da maƙwabciyarta kafin irin wannan abu ya ƙetara. A kan takarda ke nan.

Ita ma Nijar kasuwa ke juya ta. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 aka rufe iyaka har Maris na 2024. A Oktoban 2024 gwamnatin sojan ta hana fitar da hatsi, har da wake, sai zuwa Mali da Burkina Faso, a Janairun 2025 kuma ta fice daga ECOWAS. Duk ranar da waken Nijar ya yanke, farashi ya tashi a Legas, hujjar masu cewa a yaɗa sabon iri da sauri na ƙara ƙarfi a Abuja.

Inda muke masu sayarwa

Hatsarin da na fi jin tsoro ba a wake yake ba, yana kan amfanin da ba a kai ga saki ba tukuna. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Burkina Faso ta saki audugar Bt ta Monsanto a 2008, cikin 'yan shekaru ta mamaye kusan kashi 70 cikin 100 na gonakin audugar ƙasar. Manoma sun so ta, feshi ya ragu. Amma zaren ya gajarce, alhali tsawon zare shi ne abin da audugar Burkina ta yi suna da shi a kasuwar duniya. Farashi ya faɗi, kamfanonin audugar ƙasar suka nemi diyyar sefa biliyan 48, a 2016 aka daina noma ta. Ba batun lafiya ne ya jawo hakan ba. Mai saye ne ya ce bai so, gwamnati ta bi.

Amurka kanta ta ɗanɗana. A 2006 aka gano ɓurɓushin wata sauyayyar shinkafa ta gwaji, wadda ba a ba izinin sayarwa ba, a cikin shinkafar da ake fitarwa. Jafan da Turai suka ja baya, farashi ya karye, a 2011 Bayer ya amince ya biya manoma dala miliyan 750. Manomin Amurka na da lauya da kotun da za ta karɓo masa haƙƙinsa. Manomin Suru ko Argungu fa?

Wannan ba tatsuniya ba ce a wurinmu. An yi gwajin sauyayyar shinkafa a killatacciyar gona a cibiyar binciken hatsi ta Badeggi da ke Jihar Neja, mai jure ƙarancin taki da ruwa da gishirin ƙasa, ko da yake ba a sake ta ba. Ga kuma waken suya, wanda noman sa ke ƙaruwa a ƙasar Zuru. Indiya ba ta yarda a shigar mata da sauyayyen waken suya, shi ya sa 'yan kasuwarta ke zuwa Togo da Binin da Najeriya suna saye. Darajar namu a idonsu ita ce ba sauyayye ba ne. A nan mu ne masu sayarwa. Ranar da aka saki sauyayyen waken suya a ƙasar da komai ke haɗuwa a tamfol ɗaya, wannan daraja ta tafi ga kowa da kowa, har wanda bai shuka ba. A lokaci guda kuma masu kiwon kaji da masu matse mai za su riƙa matsa wa gwamnati ta saki, don su samu kaya da araha. Wanda ya fi kusa da kunnen Abuja a cikin ɓangarorin nan biyu shi zai yi nasara, kuma manomin Ribah ba ya cikin ko ɗaya.

Ajantina, wadda ba ta da ƙyamar wannan fasaha ko kaɗan, ta san wannan. A tsarinta, bayan binciken muhalli da na lafiya akwai mataki na uku, na duba abin da sakin iri zai yi wa kasuwar waje. Da ta amince da alkamar HB4 a Oktoban 2020, sharaɗi ta gindaya: ba za a sayar ba sai Birazil, babbar mai sayen alkamarta, ta yarda. Birazil ta amince da garin a Nuwambar 2021, sannan a Mayun 2022 Ajantina ta saki gaba ɗaya. Sashe na 26 na Yarjejeniyar Katajina ya ba kowace ƙasa damar duba tasirin tattalin arziki da zamantakewa kafin ta yanke hukunci. Najeriya na da wannan dama. Abin da nake so shi ne a mayar da ita matakin dole, a yi shi a fili, a kira masu fitar da kaya da ƙungiyoyin manoma na jihohin da abin ya shafa, kafin a taɓa shinkafa ko waken suya ko riɗi.

Abin da ke hannun Kebbi

Izini na tarayya ne, amma ba komai ne sai an jira Abuja ba. Hukumar bunƙasa aikin gona ta jihar, KARDA, da malaman gonarta za su iya riƙe rajistar dillalan da ke sayar da SAMPEA 20-T da masarar TELA, da ƙananan hukumomin da irin ya shiga, domin ranar da wani mai saye daga waje ya tambaya a samu amsar ba shi. Su kuma gaya wa manomi da Hausa, da Dakarci, da Zabarmanci, abin da yake shukawa, da dalilin da ya sa ake son ya bar wani yanki na gonarsa da waken gargajiya. Ƙwayar Bt ɗaya ce a cikin wannan wake, kuma tsutsa na iya sabawa da ita idan ko'ina ita ce, kamar yadda tsutsar auduga ta saba a Indiya.

Akwai ɗan tsinken gwaji da ake tsomawa a ruwan niƙaƙƙen hatsi ya nuna ko akwai sinadarin Bt cikin 'yan mintuna. Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da ke Zuru da jami'ar jiha da ke Aliero za su iya ɗaukar samfur daga manyan kasuwanni bayan kowane girbi, su buga sakamakon kowa ya gani. Su ne kuma ya dace su tattara irin wakenmu na gado, kananado da sauran waɗanda tsofaffi ke ajiyewa saboda harawa ko ɗanɗano, su adana a gida, su aika kwafi rumbun iri na cibiyar binciken aikin gona ta ƙasa da ƙasa, IITA, a Ibadan, inda ake ajiye da nau'in wake sama da 15,000. Buhun ajiya mai ciki uku kuma a sa shi cikin kayan tallafin da jiha ke rabawa tare da taki, a kai shi hannun 'yan kasuwar da ke tara wake a sito, domin a wurinsu ne fiya-fiya ke shiga buhu.